CIWON DA KE ZUWA YA TAFI: YADDA AKE GANO MATSALAR MUSAYAR FAYIL TSAKANIN KWAMFUTOCIN GIDA

Jawabin da wani tsohon ɗalibi, ɗan ajin 1991, ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiyarmu

 



Lokacin da Sakataren ƙungiya ya aiko mini cewa ni zan yi magana bana, sai da na tambaye shi ko ya yi kuskuren suna ne, domin duk wanda muka zauna aji ɗaya da shi ya san ba ni cikin waɗanda ake kira gaban taro a ba su kyauta. Sai ya ce mini tun da ƙungiya na da niyyar harhaɗa kwamfutocin da aka samar wa makaranta su riƙa aiki tare, ni kuma ina da shagon buga takardu a ƙofar gidana, to in zo in faɗi abin da na gani da idona. Wannan kam zan iya, domin na ji jiki, kuma jiki magayi.

A zamaninmu, lokacin da nan duk Jihar Sakkwato ce, kafin a ƙirƙiro Jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba 1996, takardar jarrabawa da tafireta ake buga ta a kan sitensil, a murza inji ta fito tana ƙamshin tawada. Matsalar wancan lokaci a fili take: ko dai tawada ta ƙare, ko sitensil ya yage. Matsalar da zan yi magana a kanta yau irin ta ɓoye ce, wadda ke zuwa ta tafi kamar zazzaɓin cizon sauro. Da safe lafiya lau, da azahar ta kama, kafin ka kira mai gyara ta saki.

ABIN DA YA SAME NI

A gidana akwai kwamfuta huɗu. Biyu suna shago, ɗaya ta tafi-da-gidanka tana cikin gida wajen uwargida, wadda malamar makaranta ce, sai kuma wata tsohuwa ta tebur da muke kira uwa, domin a cikinta muke ajiye duk aikin da aka kawo. A cikin uwar akwai folda guda da aka buɗe wa sauran, kowa na iya shiga daga inda yake ya ɗauki fayil, ya gyara, ya mayar. Na'urar da ke haɗa su ita ce rauta, irin mai layin waya a ciki. Na shago an haɗa su da kebul, ta cikin gida kuwa ta iska take kamawa.

Shekara biyu muna haka ba wata damuwa. Kai, ko a watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a duk faɗin jihar nan saboda matsalar tsaro, mutane na tafiya har jihohin maƙwabta don kawai su yi waya, mu aikinmu bai tsaya ba. Wannan shi ne abu na farko da nake so a riƙe: musayar fayil tsakanin kwamfutocin gida ɗaya ba ta bukatar intanet. Magana ce ta cikin gida, ba ta fita waje. Saboda haka idan folda ta ɓace, kada a ce ai sabis ne babu. Ba ruwan sabis.

A farkon 2023 abin ya soma. Yaron shago zai buɗe folda ta buɗu, bayan awa ɗaya ya koma kwamfuta ta ce ba ta ga hanya ba. A kashe a kunna, wani lokaci ta dawo, wani lokaci ta ƙi. Da ya gaji, sai ya shiga kwafar aiki a filashi yana yawo da shi daga wannan kwamfuta zuwa waccan, bai faɗa mini ba. Ana cikin haka wata makaranta ta kawo tambayoyin jarrabawar ƙarshen zango. Malaminsu ya zo ya zauna muka gyara kurakurai a cikin uwa. Ranar bugawa folda ta ƙi buɗuwa, yaro ya zaro filashi ya buga tsohon kwafin da ba a gyara ba, har kwafi 300. Ba a gane ba sai da yara suka zauna a ɗakin jarrabawa, aka ga tambaya uku na lissafi ba su da amsa. Asarar takarda da tawada ba ta dame ni ba kamar kunyar da na ji gaban wannan malami, wanda ya amince mini shekara da shekaru. Makarantar ba ta sake kawo mini aiki ba sai bayan zango biyu.

Daga nan sai masu ba da shawara suka yi yawa. Wannan ya ce ƙwayar cuta ce ta shiga, aka goge kwamfuta ɗaya kaf aka sake zuba mata komai, bayan kwana biyu ciwo ya dawo. Wancan ya ce rauta ce ta tsufa, in sayi sabuwa. Wata gwaggona ma cewa ta yi a nemo turare, wai ba ta yarda da shagon ba. Na kusa sayen rautar, sai na tuna malaminmu na Fiziks, Allah ya jiƙansa da rahama, wanda in ka kawo masa sakamakon gwaji ba tare da ka rubuta abin da ka gani ba, sai ya mayar maka da littafinka ya ce ka koma. Abu biyu ya nace mana a kansu: ka rubuta abin da ka gani lokacin da ka gan shi, kuma kada ka canza abu biyu a lokaci ɗaya. A lokacin muna ganin takura ce. Ashe guzuri yake ba mu.

LITTAFIN RAJISTA

Na sayi littafin rubutu na 'yan makaranta, na ja layi biyar: rana, lokaci, wace kwamfuta ce ta kasa, wace wuta ake kai (ta gari ko janareto), da kuma abin da aka yi kafin matsalar ta zo. Na ce wa yaro da uwargida duk sa'ad da folda ta ƙi, kada kowa ya taɓa komai sai ya rubuta. Mako biyu muka yi muna haka. Da na zauna na duba, sai na ga ruwa ba ya tsami banza. Ciwon da muke ɗauka ɗaya ne ashe uku ne, kowane da lokacinsa. Na farko yana zuwa bayan an ɗauke wuta an tayar da janareto. Na biyu yana zuwa bayan sallar azahar. Na uku kuwa kwamfuta ɗaya kawai yake kamawa, ba shi da lokaci.

Kafin in faɗi yadda aka kama su, bari in ba ku kayan aiki biyu da ke cikin kowace kwamfuta mai Windows, ba sai an saya ba. Ana buɗe baƙin allon nan da ake rubuta umarni. Idan ka rubuta ipconfig, kwamfuta za ta nuna maka adireshinta, wato lambobi kashi huɗu da ɗigo tsakaninsu, kamar 192.168.1.20. Idan kuma ka rubuta ping sannan adireshin wata kwamfuta, tamkar ka tsaya a zaure ka yi sallama ne. In ta amsa, hanya lafiya take, matsalar tana wajen izni ko saiti. In ba ta amsa ba, to a fara duba hanyar kanta. Wanda ya ƙara -t a ƙarshen umarnin, kwamfuta za ta yi ta sallama ba tsayawa, yana kallo har ya ga daidai lokacin da amsa ta yanke. Wannan shi ne tarkon da ake kama ciwo mai zuwa ya tafi.

ƁARAWO NA FARKO: MASU RABON LAMBA BIYU

Waɗanda suka yi kwana a makaranta za su tuna ranar dawowa hutu, yadda shugaban ɗaki ke tsayawa da takarda yana raba gado. A ce an sami mutum biyu kowa da takardarsa suna rabo, ba wanda ya san da ɗan'uwansa. Abin da zai faru shi ne wasu su haɗu a gado ɗaya, wasu kuma a tura su wani ɗaki daban. Haka kwamfuta take. Duk sa'ad da ta tashi sai ta nemi adireshi, rauta ce ke ba ta, kuma aro ne na ɗan lokaci, yana iya canzawa.

Ashe ƙanen uwargida, da ya ga Wi-Fi ba ya kai wa ɗakin yayarsa sosai, ya kawo wata tsohuwar rauta ya jona a tsakar gida don ta ƙara ƙarfi. Niyyarsa alheri ce, amma bai kashe mata aikin rabon adireshi ba. Babbar rauta tana raba lambobin da suka fara da 192.168.1, tsohuwar kuma tana raba masu farawa da 192.168.0. Idan aka ɗauke wuta aka tayar da janareto, tsohuwar ta fi saurin tashi, ita kuwa babbar sai ta ɗauki kamar minti biyu. Uwa, wadda ake fara kunnawa, sai ta karɓi lamba daga tsohuwar. Sauran da aka kunna daga baya sai su karɓa daga babbar. Ga su a gida ɗaya, a kan waya ɗaya, amma kamar ɗaya na Anka ɗaya na Gummi. Abin da ya ɓoye ɓarawon shi ne ba mai shiga intanet da uwar, don haka ba wanda ya lura ita ma ta rasa hanyar fita.

Maganin bai ci ko kwabo ba. Na shiga saitin tsohuwar rauta na kashe rabon adireshi, wanda a can aka rubuta shi DHCP. Sannan a babbar rauta na keɓe wa uwa lamba guda ta dindindin wadda ba ta canzawa, na rubuta ta a takarda na manna a jikinta. Daga baya na ɗora rauta a kan ƙaramin batir da inbata, yadda ko an ɗauke wuta ba ta mutuwa. Ƙarin bayani ga mai dubawa: duk kwamfutar da ka ga adireshinta ya fara da 169.254, ma'anarsa ta nemi lamba ba wanda ya amsa mata, sai ta laƙa wa kanta. A duba rauta ko kebul.

ƁARAWO NA BIYU: BARCIN RANA

Na biyu ya ba mu dariya. Idan muka tafi masallaci da azahar muka tsaya cin abinci, ba mai taɓa uwa, sai ta yi barci don tattalin wuta, kamar yadda aka saita ta tun daga kamfani. Kwamfutar da ke barci kuwa ba ta amsa sallama. Da yaro ya je ya motsa ta don ya ga abin da ya faru sai ta farka, folda ta dawo, shi kuma ya ɗauka hannunsa ne ke da albarka. Na shiga saitin wuta na ce allo ya mutu in ya so, amma ita kada ta yi barci. Akwai kuma wani saiti a kan katin da kebul ke shiga, wanda ke ba kwamfuta damar kashe shi don tattalin wuta, shi ma na cire masa alama.

A nan akwai wani abu da ke tsorata mutane ba gaira ba dalili. Idan aka bar folda ba a taɓa ta ba kamar minti 15, Windows kan saki haɗin, har a ga jan kuros a kanta. Wannan ba ciwo ba ne. Da an danna ta sai ta koma daidai.

ƁARAWO NA UKU: KEBUL

Na uku shi ya fi wahalar da ni, domin ba ya bin lokaci. Na bar ping na tafiya a kwamfutar da ke kasawa, na zauna ina kallo. Can sai wani ya shigo ya turo ƙofar shago, amsa ta yanke. Ya rufe, ta dawo. Kebul ɗin ta ƙarƙashin ƙofar ƙarfe ya bi, shekara da shekaru ƙofa na gugarsa har ta ci fatarsa. A cikin irin wannan kebul akwai siraran wayoyi takwas, an murɗe su biyu-biyu. Ɗaya ta isa ta ɓata aiki in tana haɗuwa tana rabuwa. Na sayi sabo na zura shi cikin bututun roba na bi da shi ta saman bango.

A ƙasarmu kebul na da abokan gaba da yawa: ɓera, gara, zafin bazara da ke busar da roba in an bi da shi ta kan kwano, da ƙurar hunturu da ke cika ramin da ake soka shi. A duba ƙananan fitilun da ke bakin ramin, in suna mutuwa suna kamawa lokacin da aka girgiza kebul, an kama ɓarawo. Kuma kada tsawon kebul guda ya wuce mita 100, domin iyakarsa ke nan. Masu dogaro da Wi-Fi kuma su sani katangar ƙasa mai kauri da rufin kwano da ƙofar ƙarfe duk suna rage masa ƙarfi. Kwamfutar da ke riƙe da fayilolin kowa, a haɗa ta da kebul, kada a bar ta a iska.

WASU ABUBUWAN LURA

Akwai wasu dalilai da ban gamu da su a gidana ba, amma na gan su a wajen abokan sana'a a Anka da Nasarawar Burkullu. Na ɗaya, Windows na tambaya ko hanyar da aka hau ta gida ce ko ta jama'a. In ta ɗauke ta ta jama'a, wato Public, sai ta ɓoye kanta ta rufe ƙofa. Wani lokaci in aka canza rauta sai ta koma haka da kanta. A mayar da ita Private.

Na biyu, haɗa tsohuwar kwamfuta da sabuwa. Harshen da kwamfutoci ke musayar fayil da shi sunansa SMB, kuma yana da tsoho da sabo. Windows XP, wadda aka daina kula da ita tun 2014, tsohon kawai ta iya. A watan Mayu na 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bi ta ɓarakar wannan tsohon harshe ta kulle kwamfutoci a ƙasashe da dama, har da na asibitocin gwamnati a Ingila, aka riƙa neman kuɗin fansa. Daga ƙarshen wannan shekara kamfanin Microsoft ya fara fitar da Windows 10 ba tare da tsohon harshen a kunne ba. Za ku sami mai gyara ya ce bari ya kunna muku shi a huta. Ina ba da shawara kada a yarda, domin buɗe ƙofar baya ce a bar ta a buɗe har dare. Haka nan tsarin nan da ake kira HomeGroup an cire shi daga Windows 10 tun 2018, kada a ɓata lokaci ana nemansa. A sani kuma Windows 7 an daina kula da ita a watan Janairu na 2020, Windows 10 ma wa'adinta na gama-gari ya cika ranar 14 ga Oktoba 2025.

Na uku ya shafi makarantarmu kai tsaye, don haka ina roƙon 'yan kwamiti su saurara. Windows irin ta gida da ofis ba ta yarda kwamfuta fiye da 20 su shiga foldarta a lokaci ɗaya. A ɗakin da ke da kwamfuta 30, ashirin na farko za su shiga, goma su tsaya waje, gobe kuma wasu goman ne daban, ya danganta da wanda ya riga kunnawa. Sai a yi ta zargin yara da ɓarna alhali ƙa'ida ce. Idan ɗakin zai wuce wannan adadi, tun yanzu a yi shirin na'urar ajiya ta musamman ko kwamfutar da aka tanada don wannan aiki.

KAMMALAWA

'Yan'uwa, abin da nake roƙon ƙungiya guda huɗu ne. A sa rauta ɗaya tak ta riƙa rabon adireshi, duk wanda zai jona wata na'ura ya nemi izni. A sa rauta da kwamfutar ajiya a kan batir ko sola. A ajiye littafin rajista a ɗakin, a ɗora wa malami ɗaya da ɗalibai biyu alhakinsa, domin mai gyara da zai taso daga Gusau ya biyo ta Anka da Daki Takwas, a halin da hanyoyinmu ke ciki, bai kamata ya iso a ce masa ai ɗazu ta yi yanzu ta daina ba. A miƙa masa littafi ya karanta. Na ƙarshe, duk ranar Alhamis a kwafe sakamakon jarrabawa da bayanan ɗalibai a wata ma'ajiya daban a kai ofishin Shugaban makaranta, a kuma rubuta kwanan wata a jikin kowane kwafi. Folda ɗaya da kowa ke shiga ba ajiya ba ce. Ni na buga tsohon kwafi na ji kunya gaban mutum ɗaya. Makaranta in ta rasa sakamakon yara na shekara uku, iyaye ɗari za ta fuskanta.

Ga ƙannenmu ɗalibai, kun ji dai ba da kuɗi na warware matsalata ba, sai kebul guda da littafin rubutu. Abin da ya yi aikin shi ne tarbiyyar da aka ba mu a ɗakin gwaji na makarantar nan sama da shekara talatin da suka wuce. Idan malami ya mayar muku da littafi ya ce ku koma ku rubuta abin da kuka gani, ku koma.

Ga iyayenmu malamai, ba mu da abin biyanku sai addu'a. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, malamai da abokan karatu, Allah ya jiƙansu ya sa Aljanna ce makomarsu. Allah ya kawo mana zaman lafiya mai ɗorewa a Anka da Bukkuyum da Gummi da jiharmu da ƙasa baki ɗaya, ya mayar da kowa gidansa lafiya. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa nawa ne, a gafarce ni.